Jiran Jirgi, Fim Ɗin da Ya Tsare Mini Aure

Wallahi kun cika mini waya. Daga na rubuta a shafin nan cewa akwai wani tsohon fim ɗin Indiya da ba na ƙaunar ko jin kiɗansa, sai saƙonni suka yi ta shigowa kamar na zagi iyayen wani. Wata ta ce, "Anti Altine, anya kina da zuciya kuwa?" Wata ta turo mini fuskoki masu kuka har layi biyu. Wani bawan Allah ya ce da wannan fim aka yi goyonsa, in bar shi ya huta. To ku gyara zama. Ban ce waƙoƙinsa ba su da daɗi ba. Da ba su da daɗi ai da bai yi mini ɓarnar da ya yi ba.

A Yelwa na tashi, lokacin muna ƙarƙashin Sakkwato, ba a yanka mana Kebbi ba. Babu wanda ya iya faɗin sunan fim ɗin na gaskiya, sai muka raɗa masa namu, Jiran Jirgi. Labarin bai da yawa. Wani mutum ne ya shiga jirgin ruwa ya tafi neman abinci, ya bar matarsa da jaririya. Kullum matar sai ta sa fararen kaya ta tsaya bakin ruwa tana waƙa. Yarinya ta girma, manema suka fito, uwa ta ce ba a aure sai miji ya dawo. Can ƙarshe, da an gama wahalar da kowa, sai ga jirgi ya ɓullo, a yi rawa, a yi biki, 'yan kallo su fito suna share hanci. Masu faskare na rera waƙarsa, matan da ke gyaran kifi na rera ta, har amare sai da suka koma yafa farin gyale.

A gidanmu kuwa ba fim ba ne. Mahaifina, Tanko, masunci ne. Ina firamare kifi ya ja baya a wajenmu, ya bi abokansa zuwa Tabkin Cadi, ya ce da kaka zai dawo. Da fari direbobin manyan motoci kan kawo mana saƙonsa da ɗaurin busasshen kifi. Daga baya saƙo ya ɗauke. Wani ya ce ya gan shi a Baga, wani ya ce ya ƙetara Kamaru, wani ya ce ai ya yi aure can. Inna ba ta taɓa yarda da ko ɗaya ba. Da bandar kifi ta riƙe ni har na gama makarantar horon malamai na fara koyarwa. Hayaƙi ya cinye mata ido, tafin hannunta ya yi kanta, amma filafilin tuƙin jirgin mahaifina na nan jingine a bayan ƙofa, babbar rigarsa kuma duk Juma'a sai ta fito da ita ta sha iska ta mayar cikin adaka.

Sai ga Arzika. Yana da rumfar bidiyo a bayan kasuwa, kuma kada ku zata wani kyakkyawa ne. Siriri ne, ga kunnuwa, ga riga mai faɗin kwala, ga suma da ya shafe da mai har tana ɗaukar ido. Amma in ya buɗe baki shi ke nan. Aikinsa fassara: ya zauna gefen talabijin, 'yan fim na yarensu shi yana juyawa da Hausa, muryar mace daban, ta tsoho daban, ta mugu daban. Mu a lokacinmu kaset ce wayarmu. Zai ɗauki muryarsa ya ba ƙawata Ladi ta kawo mini, in kulle ɗaki in rage ƙarar rediyo in kara a kunne. Ina son sa, ba na ɓoyewa. Har yau ina tuna yadda yake cewa "Altinena" a farkon kaset.

Matsalarmu ɗaya ce, waliyyi. Ƙanin mahaifina, Baba Wakili, ya je wurin malamai, suka ce tunda uba ya yi nisa ba a san inda yake ba, shi yana iya tsayawa ya ba da ni. Amma Baba Wakili mutum ne mai sanyin hali, ya ce ba zai ɗaura aure a kan hawayen uwa ba. Ya yi ta zarya gidanmu yana lallashin Inna, yau ya zo da goro, gobe ya zo da nasiha. A cikin azumi Allah ya taimake shi. Ina daka a tsakar gida na ji ta ce masa ta yarda, in an sauko daga salla a sa rana. Taɓaryar ma sai da ta kusa suɓuce mini.

Da Arzika ya ji, murna ta hana shi zama. Ya ce lallai sai ya yi wa Inna abin da ba a taɓa yi wa wata surukuwa a Yelwa ba. Mata irin su Inna ba sa zuwa rumfar bidiyo, don haka shi zai kawo rumfar gida. Na tambaye shi wane fim. Ya dube ni kamar na tambaye shi ina gabas take, ya ce Jiran Jirgi mana. Na so in ce masa ya canza, sai na ga yadda fuskarsa ke walƙiya, na fasa. Na ce a raina ai fim ne kawai.

Washegarin salla bayan azahar ya iso da kayansa a baro: talabijin, bidiyo, da ƙaramin janareta. Aka kafa a ɗakin Inna, aka rataya barguna a ƙofa don a yi duhu. Matan unguwa suka cika ɗakin har kan gado, ga turare, ga zafi, ga warin sabuwar atamfa. Ni na sa atamfata ruwan ganye mai zanen tsuntsaye, na yi ɗaurin kallabi mai tudu, lallen salla bai ko fara dushewa ba. Inna ta zauna gaba a kan 'yar kujerarta, ta saka leshinta guda ɗaya da take ji da shi.

Kun san kunyar suruki. Arzika ba zai zauna ɗaki ɗaya da Inna ba, balle ya yi ta zuba a gabanta. Sai ya ɗauki turmi ya kife a waje, bayan taga, ya zauna ya ba bango baya. Ya ce ba ya bukatar ganin hoto, da kunne kawai ya san inda aka kai. Haka kuwa aka yi. Murya na shigowa ta taga, hoto na tafiya, ba su taɓa saɓawa ba. Mata suka yi ta mamaki suna sa masa albarka. Abin da bai lissafa ba shi ne wanda ya ba bango baya ba ya ganin fuskar kowa.

Ni ina ganin ta Inna. Tun waƙar farko ta daina taunar goro. Da aka zo wurin da dattawa suka zo neman auren yarinyar, matar ta miƙe tsaye ta yi doguwar magana, Arzika ya sassauta murya ya mai da ita ta mace, har da rawar kuka:

"Tac ce, ko kaina zai yi hurhura, ba mai zama bisa tabarmar mijina. In ya dawo ya iske wani zaune wurinshi, da wane ido zan dube shi?"

Ɗakin ya ɗauki salati. Wata tsohuwa ta dafa kafaɗar Inna ta ce ai wannan ke ce, Kulu. Inna ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi, da na samu sauƙi. Ta zauna ƙyam har jirgi ya ɓullo aka yi rawar ƙarshe, sannan ta tashi ta shiga bayan gida ta daɗe.

Da Baba Wakili ya zo maganar sa rana, ko tabarma ba ta shimfiɗa masa ba. Daga bakin murhu ta ba shi amsa.

"Wakili, na sake shawara. Ba a ɗarma ma ɗiyata arme ubanta na bisa hanya."

Ya ce wace hanya, Kulu? Ta ce wadda ya bi ya tafi. Ya juya hularsa a hannu, ya dube ni, na dube shi, ya sa takalmansa ya fita. Ni kuwa na shiga ɗaki na kwanta da kayan jikina. Haushi nake ji, kuma ban san wa zan ji wa ba. Uwar da ta ƙone idonta don in yi karatu? Ko mutumin da ya yi abin don ya faranta mini?

Da la'asar ɗin da Arzika ya zo zance, a zaure na tare shi ko gaisuwa ban bari ya gama ba. Na ce masa fim ɗinsa maƙaryaci ne. Ya dafe ƙirji kamar na soke shi. Na ce ya gaya mini, matar nan da ta shekara da shekaru a bakin ruwa, wa ke ci da ita? Yaushe take wanki da kayanta ba sa dauɗa? Mu da muke jira na gaskiya mun san kamanninsa. Jira shi ne rufin ɗaki na yoyo ba namijin da zai hau, ku kwana kuna jan tabarma daga wannan kusurwa zuwa waccan. A fim ɗinsa kuwa in aka yi ruwa rawa ake fita yi. Kuma da mutumin ya sauko daga jirgi, akwai wanda ya tambaye shi ina ya shige? Ko ɗaya. Furanni aka rataya masa. Yarinyar da aka tsare wa aure fa, ko sau ɗaya an juyo da hoto kanta an tambaye ta me take so? Aikinta ta tsaya bayan uwa tana murmushi.

Ya bar ni na gama. Sannan ya yi maganar da har yau ban samu amsarta duka ba. Ya ce in zo rumfarsa in ga su wa ke zama. Rabinsu mutanen da ruwan dam ya cinye garuruwansu ne, aka kwashe su aka zuba a gidajen da ba su suka gina ba. Shi kansa a tsibiri aka haife shi, yau in ya bi ta wurin a jirgi sai dai a nuna masa ruwa a ce nan ne gidanku. Ya ce waɗannan mutane sun san abin da ya tafi ba ya dawowa, ba sai an koya musu ba. Suna biyan kuɗin ƙofa ne don su ga wuri ɗaya a duniya inda yake dawowa. In wannan ƙarya ce, to ƙarya ce mai sa mutum ya iya tashi da safe.

Duk da haka ban sauka ba. Na ce na ji, su suna kallo su tashi su tafi gida. Inna fa? Ita ta shiga ciki ta zauna, ta ja ni ta rufe ƙofa. Sai wata tambaya ta faɗo mini.

"Arzika, tsakaninka da Allah, kana jin Indiyanci?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce yana jin "zo" da "tafi" da "ina son ki". Sauran a wurin wani mai fassara a Kwantagora ya koya, inda ya ga da rami kuma ya cike da nasa.

"Maganar tabarma hwa?"

"Tawa ce," ya ce a hankali. "Ita mutane sunka hi so."

Ban san lokacin da na fara dariya ba, dariyar da ta ƙare da hawaye. Ashe ba Indiya ce ta tsare mini aure ba, angon ne da bakinsa. Na ce to tunda shi ya ɗaure, shi zai kwance. Ya sake kawo bidiyo, in an zo wurin ya sa matar ta faɗi wani abu daban. Ya ce hakan cin amanar fim ne, garin nan kaf sun haddace maganar. Na ce ya zaɓa, ko amanar fim ko ni. A ƙarshe ya ce to.

Ba mu sha wahalar neman dalili ba, don Inna da kanta ta aika a ce tana son ta sake gani. Wannan karon ba taro. Daga ni sai ita sai tsofaffi biyu maƙwabtanmu. Arzika ya kife turminsa a bayan taga. Ni na zauna a bakin gado ina murɗa gefen zanena. Dattawa suka shigo, matar ta miƙe, na ji ya yi gyaran murya.

"Tac ce, jira nawa ne, ba na ɗiyata ba. Ku tai ku ɗarma, Allah shi sa albarka."

Kaico. A hoto kuwa ga dattawa na fita kai a sunkuye, ga yarinya ta faɗi ƙasa tana kuka. Tsofaffin nan suka dubi juna. Inna ta ɗaga hannu ta ce in tsayar da abin. Na tashi na danna, hoton ya daskare a kan fuskar matar, baki a buɗe.

Inna ba ta taɓa yi wa Arzika magana kai tsaye ba, ko sunansa ba ta kamawa. Ranar ta juya kujerarta ta fuskanci taga.

"Kai mai magana bayan taga. Ba haka tac ce ba."

Ta maimaita masa maganar tabarma tun daga farko har ƙarshe, ba ta tsallake ko kalma ɗaya ba. Sannan ta ce kada mu ɗauke ta yarinya. Ta san ba ya jin yaren mutanen nan, tun ranar farko ta sani, don ba yadda za a yi Ba'indiya ta san zancen tabarmar waliyyi. Ta ce ba ta damu da wanda ya ƙirƙiri maganar ba, ita dai gaskiyarta aka faɗa. Ta juyo gare ni, idanun nan da hayaƙi ya rina suka tsaya a kaina.

"Kin aza ban san mi mutane ka cewa ba? Ran da Wakili ya zauna wurin ubanki, ran nan gari ya gama yi mai salla ba gawa. In ya mutu, a kawo mani shaida in yi takaba kamar kowace mace. In yana da rai, a zo da shi, ko a zo da bakinshi. Amma ba ni bizne shi da hannuna don a yi buki."

Ban taɓa jin tausayinta kamar lokacin ba, ban kuma taɓa jin na rasa hanyar fita kamar lokacin ba. Na buɗe baki in ce wani abu, sai ta sake juyawa wajen taga. Ta ce tunda yana son ɗiyarta, kuma ya iya magana haka, to ga hanya. Ya tafi Cadi ya nemo Tanko. Duk abin da ya samo, rai ko kabari, ranar da ya dawo da shi ranar za a sa rana.

Na yi wuf na ce Inna, wurin da ya haɗiye masunci ɗan ruwa shi za ki tura mai bidiyo? Ko iyo bai iya ba. A raina ina ta roƙon Allah ya sa ya ce zai yi shawara, ya ce sai ya ji daga iyayensa, ya ce komai. Amma na san wanda nake so. Mutumin da ya kwashe shekaru yana ba jarumai murya, yau an miƙa masa tasa fitowar. Muryarsa ta shigo ta taga, har da wani kauri da ban san shi da shi ba.

"Na yarda, Inna."

Tsofaffin nan suka rangaɗa guɗa. Ɗaya ta ce wallahi kamar a fim. Babu wanda ya juyo ya tambaye ni.

Na roƙe shi. Na aika Ladi, na je da kaina har bakin rumfarsa, abin da ban taɓa yi ba. Na ce masa mu haƙura mu jira Inna ta huce, Baba Wakili zai sake gwadawa. Ya ce in ya janye yanzu da wane ido zai dubi Inna, kuma kaka ba za ta yi ba sai ya dawo. Na ce masa haka wancan ma ya ce. Ya yi murmushi ya ce shi ai ba kifi zai je nema ba. Ranar kasuwa ya hau bayan wata babbar mota mai zuwa gabas, da 'yar jakarsa da hoton mahaifina guda ɗaya da Inna ta cire daga jikin madubi ta ba shi. Na tsaya a tasha da gyalena ruwan toka har motar ta sha kwana. Kayan sana'arsa kuwa gidanmu ya kawo ajiya, wai nan ne hankalinsa zai fi kwanciya.

Ba a yi sati ba, na dawo daga makaranta na tarar Inna ta sa an tayar da janareta, ta rataya bargo a ƙofa, ta zauna a kujerarta. Ta ce in kunna mata. Na kunna, na juya zan fita, don ba na jin zan iya kallon farin gyalen nan. Ta kama mini gefen zane.

"Ina za ki? Ba mai hwassara. Zamna ki hwaɗa mani abin da take cewa."

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Ga matar ta iso bakin ruwa, ta sa hannu a goshi tana duban nesa, ta fara magana. Inna ta zuba mini ido. Na san kalmomin duka, wa bai san su ba a Yelwa? Na yi niyyar in faɗe su a bushe, yadda nake karanta wa yara darasi, in nuna mata ba su da wani nauyi. Na fara: ya ruwa, kai ka ɗauke shi, kai za ka dawo da shi. Ban kai ƙarshen layin ba muryata ta karye. Inna ta ɗora hannunta a kaina ta ce in ci gaba, haka ake yi, da sannu zan saba.